Wanzamin da Ya Raɗa wa Gizo-gizo Suna

Ƙanena Ari wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami, kuma tunda nake ban ga mai taurin kai irinsa ba. Ni na goya shi a bayana, saboda haka ina da bakin faɗa. Sunana Kande, amma ƙauyukan da ke tsakanin Yekuwa da Dungas duk Gwaggo suke ce mini, don rabin mutanensu a hannuna suka faɗo duniya. Ni nake yanke cibi, shi kuma ya zo da zabirarsa ya cire wa jariri beli, ran suna ya yi masa aski, ya tsaga masa tsagar gidan ubansa. Haka muka yi shekara talatin muna bin gidajen mutane, ni a gaba shi a baya.

Aikin ya ba shi ido. In muka shiga kasuwar Dungas ba ya tambayar kowa daga ina yake. Kallo ɗaya zai yi wa kumatun mutum ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, wancan kuma Badauri ne amma wanzamin da ya tsaga shi bahago ne. In ka bincika kuwa sai ka tarar haka ne. Mutane suka yi ta zuga shi har abin ya hau masa kai, ya ɗauka duk abin da Allah ya halitta asalinsa a fuskarsa yake.

Daga nan ne ya faɗa wa gizo-gizo. Mata kan kawo masa yara masu ƙurajen nan da ake kira tautau, waɗanda aka ce fitsarin gizo-gizo ke kawo su. Wani wanzamin zai shafa magani ya karɓi goronsa ya yi gaba. Ari sai ya ce shi sai ya san wane gizo-gizon ne mai laifin, don ba zai yiwu a ce dukansu ba ne. Ya shiga kama su yana ɗorawa a damtsensa yana jiran ya ga ƙurji. Bai taɓa gano mai laifin ba. Kafin ya ankara ma ya manta da tautau ɗin, ya koma rarraba su gida-gida kamar mutane.

Kashi uku ya raba su. Akwai masaƙa, masu kafa yanarsu a kusurwar ɗaki su zauna jiran abinci. Akwai 'yan rami, masu fakewa a ƙasa. Sai na ukun, waɗanda suka tafi da hankalinsa, ƙananan nan da ba su wuce ƙwayar wake ba. Su ba sa kafa tarko, yawo suke a bango da rana, su lallaɓa su yi tsalle su dira a kan ƙuda. Ya ce su kaɗai ne in ka dube su suke juyowa su dube ka da manyan idanu biyu. Ya kira su mafarauta, kuma a cikinsu ya fitar da gida goma sha ɗaya, kowanne da sunansa. Akwai Bagobiri mai yawan zane, akwai Bafillace siriri mai kama da tururuwa, akwai Mai-kalangu da ke zama a karan gero. Da yake ba shi da karatu, sai ya riƙa samun guntun sakaina yana zana kamannin kowane iri da bakin aska, layi-layi, ɗigo-ɗigo, ya huda ya zura a igiyar fata, na bango daban, na jikin gawo daban, na gona daban. Na sha gaya masa cewa bai kamata a riƙa samun mai furfura durƙushe gaban bango yana hira da ƙwaro ba. Sai ya ce, "Yaya, ke ma da za ki tsaya ki duba da kin ga ba ɗaya suke ba." Ni kuwa ina da aikin yi.

Iri biyu daga cikinsu sun fi zama a bangon zaurensa na gabas, inda hantsi ke dukawa. Ɗaya baƙi ne wuluk da farin layi tun daga goshi har gadon baya. Ya sa masa Mai-fashin-goshi, kuma yana ji da shi ƙwarai, don tsagar gidanmu ke nan, layi ɗaya a tsakiyar goshi da gajeru uku-uku a gefen ido. Ɗayan ya ɗan fi girma, launin rairayi, da fararen ɗigo biyu a baya. Shi ya kira Buzu. Ya ce su biyun abokan gaba ne, don duk sanda suka haɗu baƙin kan ɗaga hannuwa sama yana kai-komo kamar ɗan dambe, kuma sau biyu ya ga Buzun ya danne shi ya cinye. Tun daga nan ya ajiye tsinke a bayan kunne. Da ya ga sun fuskanci juna sai ya sa tsinken ya raba su.

Ɗa ɗaya Allah ya bar wa Ari, Sha'ibu. Ɗan fari ne, saboda haka uban ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "yaron nan". Shekara huɗu bayan ciwon da ya ƙare shanun Fulani, Sha'ibu ya auri Saude, 'yar Malam Mamadu, daga wani ƙauye kusa da Dungas. Da aka gama girbi ya bi ayarin masu kanwa zuwa Kano da jakuna biyu. Lokacin hanya ba lafiya, amma shi ba mashi ne ya kashe shi ba, zazzaɓi ne, a wani zango da ko sunansa ba mu riƙe ba. Jakunan suka dawo, shi bai dawo ba. Saude ta shiga takaba da ciki. Da cikin ya tsufa iyayenta suka ɗauke ta, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, ni kuma na bi ta can. Cikin damina, gero ya fara fitar da kai, na karɓi haihuwar. Namiji ne.

Yaron ya zo ja sosai, gashinsa kwance luf, hancinsa siriri. Ni ban ga komai ba, na sha karɓar irinsu. Amma tun kafin a binne mabiyiya baki ya fara yawo. Aka tuna cewa Buzaye masu gishiri sun yi zango a bakin rijiyarmu bayan tafiyar Sha'ibu, aka tuna Saude ce ke zuwa ɗiban ruwa. Masu ƙirga wata suka ƙirga suka ce cikin ya zarce da kwana ashirin. Mazan da ba su taɓa ɗaukar ciki ba, su ne suka fi kowa iya ƙirga shi.

Ran kwana uku Ari ya zo cire beli. Na fito masa da yaron zauren Malam Mamadu. Ya karɓe shi ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya juya shi dama ya juya shi hagu, ya duba kunne, ya duba goshi, irin duban da yake yi wa ƙwarinsa. Na ɗauka tausayi ne. Sai ya miƙo mini shi, ya naɗe zabirarsa ba tare da ya zaro komai ba.

Ya ce, "Malam Mamadu, ku nemi Sule ya yi muku aikin. Na ba shi izini."

Wanda bai san sana'ar ba zai ce maganar ba ta da nauyi. Sule shi ne wanzamin Dungas, kuma wanzami ba ya sa aska a kan jaririn gidan da ke da nasa wanzamin sai an ba shi izini. In an ba shi kuwa, ba zai tsaga tsagar gidanmu ba, don ba a sa wa yaro tsagar gidan da ya ƙi shi. Ta gidan Malam Mamadu zai yi masa, dogaye biyu-biyu daga gefen baki zuwa kunne. A ƙasarmu, yaron da ya tashi da tsagar kakansa na wajen uwa ba sai an tambayi dalili ba. Duk kasuwar da ya shiga har ya mutu, mutane za su gani a kumatunsa cewa dangin ubansa sun ce ba nasu ba ne.

Malam Mamadu ya sunkuyar da kai. Ni ce na bi Ari har waje da yaron a hannu ina zazzaga masa, ya kwance jakinsa ya hau ko waiwaye bai yi ba. Da na koma ciki na tarar Saude ta ji komai ta bayan zana. Ba ta yi kuka ba. Ta juya fuskarta bango ta kwanta, kuma wannan ya fi kuka tayar mini da hankali.

Kwana biyu ina yi mata wanka ina dama mata kunun kanwa tana kurɓa kaɗan tana turewa. Ran kwana shida da safe, ina gasa wa yaron cibi, ta yi magana.

Ta ce, "Gwaggo, ki je ki gaya wa Baba ni ba don kaina nake roƙo ba. Duk abin da ya ɗauka a kaina na yafe masa. Amma wannan ba shi da uban da zai tsaya masa in an tare shi da magana. Abin da aka sa masa a fuska gobe shi ke nan gadonsa."

Na samu Malam Mamadu na ce ya ba ni lokaci. Ya ce liman zai raɗa suna da sassafe, wannan ba ya jira. Aski da tsaga kuwa zai roƙi Sule ya dakata har rana ta take tsaka. Daga nan ba zai ƙara ba, don baƙi daga nesa suke kuma sai sun koma, shi kuma ba zai bari jikansa ya kwana na takwas da gashin ciki da fuska ba ta kowa ba. Ban ga laifinsa ba. Tsakanin ƙauyensu da namu, mai jaki in ya fita da hantsi zai isa da sauran lokaci. Ni da ƙafata da tsufana sai la'asar na isa.

Na tarar da Ari a zaure yana wasa aska a dutse, askar da ba ta da aikin yi.

"Yaya, kin sha hanya."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Na zauna na jera masa. Na ce jarirai da yawa ja suke zuwa, in kana son sanin launin da za su tsaya ka duba bakin kunne, kuma na wannan ya fara duhu. Na ce na san Indo, kakar Saude ta wajen uwa, ja ce kamar sabuwar tukunya, kuma jini yakan tsallake uwa ya faɗa kan jika. Na ce cikin fari yakan zarce, nawa ma ya zarce. Na ce yarinyar nan wata goma tana ƙarƙashin idona, da akwai wani abu ni zan fara sani. Yana ji yana wasa askarsa.

Da na gama ya ce, "Yaya, na aske kai ya fi dubu. Na san jan jariri, na san jan asali. Kina so in sa fashin goshin ubanmu a goshin da zuciyata ba ta yarda da shi ba? Tsaga ba lalle ba ce da za a wanke." Muryarsa ta sauka. "Yaron nan ya mutu ko kabarinsa ban gani ba. Abin da ya rage in yi masa shi ne kada in jingina masa abin da ba nasa ba."

A nan na gane ba mugunta ba ce, baƙin ciki ne ya sami taurin kai ya zauna a kai. Amma ganewar ba ta rage mini haushi ba. Idona ya faɗa kan igiyar sakainarsa a rataye a jikin ginshiƙi, na ji kamar in tsinke ta in watsa a murhu.

Na ce, "Idon nan naka da kake taƙama da shi. Ka ce ka san gidan kowane ƙwaro. To ni aikina haihuwa, bari in tambaye ka ta wajen da na sani. Buzun nan naka na sha ganinsa a tsagewar bango kwance kan ƙwai cikin farar jaka. Baƙin fa? Shekara talatin, ka taɓa ganin ƙwansa?"

"A jinka yake yi, can sama."

"Ka hau ka gani?"

Ya ci gaba da wasa askarsa. Kada a ɗauka na san wani abu ne. Wallahi ban sani ba, neman inda zan soke shi kawai nake. Muka rabu a haka, kowa ransa a ɓace.

Washegari ran suna. Aka yi yayyafi da asuba, sannan gari ya washe, hantsi ya fito ya doki bangon gabas. Na ɗaura zanena zan koma ni kaɗai, ko ba komai in riƙe yaron lokacin da za a tsaga shi. Na zagaya in yi wa Ari maganar ƙarshe, na same shi inda na san zan same shi, durƙushe gaban bango. Ana raɗa wa jikansa suna a wani gari, shi yana nan yana kallon ƙwari.

Baƙin da Buzun sun fito shan rana, tsakaninsu bai fi taki ɗaya ba. Baƙin ya ɗaga hannuwansa sama ya fara kai-komo. Ari ya kai hannu bayan kunne ya zaro tsinke, ni kuma na cafke masa wuyan hannu. Ban san ina da sauran ƙarfi haka ba.

Na ce, "Bar su! Kai ko ƙwari ba za ka bari su yi sha'aninsu ba sai ka sa hannu? In zai cinye shi ya cinye shi mana."

Ya yi ƙoƙarin fizgewa na ƙi saki. Muna wannan kokawar, baƙin yana matsawa, ya yi dama ya yi hagu, ya tsaya yana karkaɗa jiki, ya ƙara matsawa. Buzun bai kai masa hari ba. Ya lafe a bango ya tattara ƙafafu. Baƙin ya miƙa hannuwa ya taɓa kansa sau biyu, a hankali, sannan ya haye bayansa ya karkata gefe ɗaya ya zauna. Ni na ga awaki, na ga kaji, na ga fara a gona, ba sai an yi mini bayani ba.

Na ce, "Ari, wannan ba dambe ba ne. Buzun naka mace ce, kuma ga mijinta nan."

Na ji hannunsa ya mutu a cikin nawa. Tsinken ya faɗi. Ya yi salati a hankali ya ce, "Gida ɗaya ne. Yaya, gida ɗaya ne. Shekara talatin ina raba miji da mata."

Ban ce masa wannan ya wanke Saude ba, don Saude ba ta bukatar ƙwaro ya wanke ta. Na dai ce masa idon da ya kasa gane wannan a bangon zaurensa shi ne ya yanke wa jariri ɗan kwana uku hukunci da kallo ɗaya. Na ce ya tashi ya ɗaura wa jaki akumari, hantsi bai yi nisa ba, za mu isa.

Da ya tashi a lokacin da mun isa da sauran lokaci har mu sha ruwa. Amma Ari ne. Ya miƙe ya nufi bayan rumbu maimakon turken jaki.

"Ina za ka?"

"Gani ɗaya ba hujja ba ne, Yaya. Wataƙila wannan baƙin ruɗewa ya yi. Sai na haɗa wasu biyun na gani."

Na ɗora hannu a ka. Na ce rana tafiya take, na ce Sule na can da aska a hannu, na kira shi da sunayen da rabona da su tun yana yawo ba wando. Ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce, "Gaggawa ce ta sa na yi kuskuren farko. Ba zan sake yanke magana da gaggawa ba." Kuma har ga Allah yana ganin gaskiya yake bi. Na yi tunanin in hau jakin in tafi ni kaɗai, amma me zan kai musu? Ba ni ce mai askar ba, kuma ba bakina ne ya ba da izinin ba.

Kama ƙwaron da ke ganinka kafin ka gan shi ba abin wasa ba ne. Baƙin bai ba shi wuya ba, amma kafin ya sami wata mai launin rairayi sai da ya zagaye rumbu uku. Ya sa su a ƙoƙo ya ajiye a rana ya rufe rabi da faifai. Suka yi zamansu, kowanne a gefensa, kamar ba su san ana jiransu ba. Ni ina tsaye ina kallon inuwar zaure tana janyewa daga ƙafata. Na ɗaura wa jakin akumari da kaina, na ɗauko masa zabirarsa na ajiye a gabansa, bai ko dube ta ba. Can dai baƙin ya ɗaga hannuwa, ya yi kai-komonsa, aka sake yin abin da aka yi a bango.

Ko a nan sai da ya shiga zaure ya kwance igiyar fata, ya zaro sakaina biyu, na baƙin da na Buzun, ya haɗa su baya da baya ya ɗaure. Sannan ne fa ya fito a gigice kamar wanda aka tasa daga barci, ya ɗaga ni ya ɗora a jaki, ya rataya zabira, ya kama gudu a gaba yana jan igiya.

Ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu irin na ranar ba. Rairayi ya jiƙe, gero ya rufe hanya yana dukanmu a fuska, kwarin da ke tsakiya ya cika da ruwan asuba sai da muka zagaye shi. Takalminsa ɗaya ya tsinke ya bar shi a nan. Sau biyu yana faɗuwa yana tashi. Kowannenmu yana satar kallon sama.

Tun daga bakin gari na san mun makara. Mata na fitowa da ƙore a ka suna komawa ƙauyukansu, suna ganinmu suna kau da kai. Da muka kusa gidan na ji kukan yaron. Kukan yunwa daban, kukan wanka daban, wannan kuwa na san shi, na sha riƙe masu yinsa.

Sule na zaune a zaure yana wanke aska a ƙoƙo. Yana ganin Ari ya miƙe tsaye, ruwa na ɗiga daga hannunsa.

Ya ce, "Baba Ari, wallahi na jira. Na jira har inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, na ƙara jira."

Ari bai dube shi ba. Ya wuce gaban Malam Mamadu, ƙafa ɗaya ba takalmi, riga duk laka, ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa sa'ansa ba.

"Malam, na zo in tsaga jikana."

Malam Mamadu ya dube shi. Ba faɗa a fuskarsa, gajiya ce kawai. Ya ce, "Sunansa Laminu. An gama komai, Ari."

"A ba ni shi in gani."

Na shiga ciki. Saude na zaune bakin gado, yaron a cinyar uwarta, ita ta kau da kai kamar yadda mai ɗan fari ke yi, amma zanenta ya jiƙe da hawaye har ƙirji. Na gaya mata wanda ya zo da abin da ya ce. Uwarta ta buɗe baki za ta yi magana, Saude ta riga ta.

Ta ce, "Ki kai masa, Gwaggo. Jikansa ne. Ran da ya ƙi shi ma jikansa ne."

Na fito da shi. An aske kan tas. A kowane kunci dogaye biyu daga gefen baki zuwa kunne, an shafe su da baƙin tukunya, jini na ɗan tsattsafowa ta ƙarƙashi. Ari ya zauna a ƙasa ya karɓe shi da hannu biyu. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce ai goshin babu komai, ya zaro aska ya ƙara namu, ko layi ɗayan nan ne.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ba a haɗa tsaga biyu a fuska ɗaya, Yaya. Duk wanda ya gani cewa zai yi bawa ne aka sake wa tsaga. In ya yi nisa da gida wata rana, kama shi za a yi." Na san gaskiya ya faɗa. Ban taɓa jin tausayinsa da haushinsa sun haɗu mini wuri ɗaya kamar lokacin ba.

Ya sa babban yatsa a gefen tsagar, bai taɓa ta ba, ya bi ta a hankali daga baki zuwa kunne, ya juya ɗaya kuncin ya yi haka. Sule na tsaye yana murza hannu. Shi yaro ne a sana'ar in aka gwada da Ari, kuma duk ƙasar nan ba wanda yake tsoron idonsa kamar shi.

Sule ya ce, "Baba, ko na yi kuskure ne?"

Ari ya ce, "A'a. Hannunka na da kyau, Sule. Zurfinta daidai, tsawonta daidai. Za ta warke sarai." Ya janye yatsansa. "Ba za ta taɓa ɓacewa ba."

Ari ya sunkuya a kan yaron, kafaɗunsa na rawa, ni kuma ban karɓi jaririn ba sai da ya fara neman nono.